Ƙuda a Takalmin Hagu

Tun da aka kawo ni gidan nan, ni da surukina Baba Mainasara ba mu taɓa haɗa ido ba. In na ji tarinsa a zaure sai in shige ɗaki, in ya ji motsina sai ya kau da kai. Takalmansa na fi sani, su nake gani kullum in na durƙusa ajiye masa tuwo.

Mijina Illo ya tafi cin rani Nijeriya, ya bar mu mu biyu. Baba kuwa ga ciwon sukari, ga taurin kai. An hana shi shayi mai zaƙi, an ce ya daina shiga tabki ƙafa tsirara, amma ina! Kullum yana can cikin masunta, wai shi zaman tabarma ne zai kashe shi.

Wata safiya na ga ƙuda sun taru a takalminsa na hagu, na dama ko ɗaya babu. Na duba, jini ne da ruwan miki. Ashe ƙayar tarwaɗa ce ta shige masa tafin ƙafa, sukarin ya kashe wurin, bai ma ji ba. Da wane baki zan yi masa magana? Na aika maƙwabciyarmu Inna Kande. Ya ce ta ƙyale shi, 'yar masassara ce, ya haɗiyi ƙwayoyin da ya sayo a tebur.

Washegari da azahar, rana na ƙuna, na kai masa fura na tarar yana karkarwa cikin bargo, numfashi sama-sama. Sai ya ɗago ya dube ni tsakiyar ido, ya ce, "Atika, kin zo?"

Na ajiye furar. Mutumin da bai taɓa kama sunana ba. Na san ba Baba ke magana ba, ciwo ne. Na yaye bargon na kama ƙafar da hannuna, ta kumbura suntum, zafi kamar gindin tukunya.

Inna Kande ta leƙo ta ce, "Ke Atika, surukinki ne fa."

Na ce, "Inna, don Allah kira mini mai amalanke."

A asibiti likita ya ce cutar mikin ta shiga jini, kuma tsoho mai sukari ba a jira da shi. Aka ɗaura ƙarin ruwa, allura bisa allura. Ni na yi jinyar, in goge shi, in yi masa fifita, in yi kuka. Wallahi sai a nan na san ina ƙaunar tsohon nan.

Ana nan, wani hantsi ina goge masa goshi ya buɗe ido. Ya dube ni, ya gane ni. Sai ya lalubo mayafi ya rufe fuska, ya juya wajen bango.

"A gaya wa yarinyar nan," ya ce da bangon, "ta je ta ci abinci."

Na fita waje na durƙusa, ina dariya hawaye na zuba. Baba ya dawo.