Minti na Sha Takwas

Nasidi zai rantse maka bai taɓa ƙin Awaisu ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne yabon da Farfesa yake yi wa Awaisu a gaban kowa, alhali shi Nasidi ne ya shekara biyu a tsaye gaban na'ura a ɗakin binciken jami'a har ƙafafunsa suna kumbura. Awaisu kuwa, kwamfuta a cinya, shayi a gefe, sai danne-danne.

Aikin nasu gane furotin ne. A datsa shi gunduwa-gunduwa, a tura guntayen cikin wani siririn bututu, kowanne ya fito a nasa mintin, na'ura ta auna nauyinsa. Da nauyin ake laluben sunansa. To amma guntu biyu kan zo da nauyi kusan ɗaya, sai Awaisu ya haɗa manhajar da ke faɗin mintin da kowanne ya kamata ya fito. Shi ke nan fa, ya zama ɗan lele.

Bana Nasidi ya ga tasa ta kawo. A gyaɗar gonar mahaifinsa ta Kurugu, wadda fumfuna ba ta cika kamawa ba, ya tsinci guntun wani furotin da yake zaton shi ke kare ta. Ranar Litinin zai gabatar a taron jami'a, sunansa shi kaɗai.

Ya zo gida hutun ƙarshen mako. Asabar da hantsi sai ga Awaisu a babur daga garinsu Fulatan. Ya durƙusa ya gaida Baba Shitu, mahaifin Nasidi, ya tambayi gajiya da aikin gona da iyali, sannan ya ja Nasidi gindin ɗorawa.

"Malam Nasidi, na duba sakamakonka," ya ce. "Guntun furotin da kake faɗa a minti na talatin da ɗaya zai fito. Naka a sha takwas ya fito."

"Sai ka gyara manhajarka," in ji Nasidi.

"Da mintocin da ka rubuta a littafinka na koyar da ita, mutumina. In ta yi ƙarya, aikinka na shekara biyu ne ya yi."

Ƙyashi ya kama Nasidi. Wato da guminsa ma aka gina abin da ake tafa wa wannan. Kuma ji yadda yake magana a tausashe, ko zarafin yin faɗa da shi bai bari ba.

"To guntun mene ne?"

"Mai wannan nauyin da ke fitowa a sha takwas ɗaya ne, na fatar mutum. Da safar hannu ka ɓare gyaɗar?"

Ina fa. A zaure ya ɓare ta da babban yatsa, yana hira, yadda yake yi tun yana yaro.

"Ban gaya wa kowa ba," in ji Awaisu.

Nasidi ya daɗe yana juya waya a hannu. In ya yi shiru ya je taro, wani zai tona shi a bainar jama'a. Ya dai kira Farfesa, ya faɗi komai.

"Allah ya kyauta," in ji Farfesa. "Amma ba za mu bar gurbin ya tafi a banza ba. Awaisu ya gabatar da nasa. Kana da labarin inda yake?"

Nasidi ya miƙa wa Awaisu wayar.