Hammam Ya Sauka a Otal

Hammam ya shigo Alƙahira kamar ɓarawo, shi da ko kazar wani bai taɓa kora ba. Likitan garinsu Sohag, can kudancin ƙasar, shi ne ya turo shi asibitin ƙoda, ya ce a shirya zaman makonni. Da ya sauka a tashar Ramsis sai ya ja rawaninsa ya rufe rabin fuska, ya shige wani otal mai araha a bayan masu sayar da kayan lantarki. Ɗakin na hawa na biyar, lif ɗin hawa benen ya mutu tun zamanin da, fanka kuwa sai ta ga dama take juyawa.

Ƙaninsa Zaglul yana nan cikin garin, a unguwar Imbaba. A wajen mutanen kudu, ka kwana a otal alhali kana da ɗan'uwa a gari, zaginsa ka yi a bainar jama'a. Hammam ya san haka sarai. Amma ya san gidan Zaglul: ɗaki biyu, 'ya'ya cike, ga albashin maigadin makaranta. Zuwansa na baya an yanka masa agwagwa kullum, ya kuma gane daga baya cewa ta maƙwabta ce aka karɓo. Wannan karon ya ƙudura zai sha maganinsa ya koma gida ba tare da ƙanin ya ji ko ƙamshinsa ba.

Da ya iya cin abinci shi kaɗai, da shi ke nan. To Hammam bai taɓa kai loma baki ba tare da ya ce wa wani bismilla ba. Yakan buɗe ƙofa ya baje burodin gida da cuku mai gishiri a kan jarida, duk wanda ya gifta sai ya zauna. A haka wani direban babbar mota mai suna Bakri ya tsuguna, ya gutsiri burodin, ya tauna a hankali.

"Wannan gashin kudu ne. Baffa, ɗan gidan wa?"

Nan ne ya kamata ya ce shi mutumin wani gari ne kamar Asiyut, ko ya yi tari ya sake zance. Amma mutum ya ɓoye sunan ubansa? Hammam ya gyara zama ya jero su har kakan kakansa, yana jin daɗin kowane suna a bakinsa.

"Ashe kai ne yayan Zaglul na Imbaba," in ji Bakri. "Lafiya kuwa tsakaninku?"

"Lafiya lau. Ka riƙe bakinka, ɗana."

"Haba Baffa, ni kabari ne."

Kabarin nan bai kai la'asar ɗin washegari ba. Hammam ya dawo daga asibiti, ya hau matakala yana hutawa a kowane hawa, sai ya tarar da Zaglul zaune a bakin ƙofarsa da kayan aiki a jikinsa. Ya yi furfura fiye da yadda Hammam ya san shi. Suka shiga. Hammam ya aika a kawo shayi, ya miƙa masa, Zaglul ya bar kofin a hannun yayansa.

"Yaya, an gaya maka na mutu ne?"

"Subhanallahi. Sauƙi na nema maka. Zaman zai yi tsawo, kai kuma na san halin da kake ciki."

"Halin da nake ciki." Zaglul ya dubi bangon da ruwa ya ci, ya dubi zanen gadon da ya ƙone da sigarin wani. "Ka zaɓi nan a kan gidana. A gidan shan gahawa na ji, a gaban mutanen garinmu. Wannan zan iya haɗiyewa. Amma matata Atiyat tun safe take wanke ɗaki tana kuka, ta ce tun wancan zuwan ta lura ba ka ƙara miyar lalo ba. Ita gani take girkinta ne ya kore ka."

Kunya ta kama Hammam, irin wadda bai taɓa ji ba. Shi ya ɗauka nauyi ya sauke musu, ashe abu ɗaya da suke da shi na ba shi ya ƙwace. Ya so ya yi bayanin agwagwar maƙwabta, sai ya ga in ya faɗa ya ƙara wa ƙanin wani ciwo. Ya ajiye kofin a ƙasa.

"Miyarta ba ta da laifi," ya ce. "Gishiri ne likita ya hana ni yanzu, sai ka gaya mata."

Zaglul ya sunkuya ya jawo kwandon yayansa daga ƙarƙashin gado ya saɓa a kafaɗa. A kan matakala ya riƙa tsayawa a kowane hawa wai yana gyara kaya, har Hammam ya iso shi.

"Tun yaushe ƙodar?" ya tambaya, bai juyo ba.

"Tun girbin bara."

"Ciwon ma a gidan gahawa na ji."