Kabad ɗin da ya ƙi fita

Da Baba ya rasu, lauya ya karanta wasiyyarsa, 'ya'yansa uku kuma duk suka amince. Gida na Yaya Direba. Babban kabad ɗin ɗakin Baba na Yaya Nas. Auta, wanda furfura ta fara fito masa amma har yanzu ana aikensa sayo katin waya, ya samu rediyo da agogo, aka kuma naɗa shi wasiyyi, wato mai miƙa wa kowa nasa. Tun a asibiti Baba ya riƙe hannunsa ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada ya bari yayyensa su je kotu.

Auta ya ɗauka aikin yini guda ne. Ya kira masu ɗaukar kaya, suka turo kabad har bakin ƙofa. Suka karkata shi, suka kwantar da shi, suka juya masa baya, ya ƙi. Ya fi ƙofar faɗi, ya fi ta tsawo. Dole suka mayar da shi inda yake. Sai a lokacin aka tuna cewa a cikin ɗakin kafinta ya haɗa shi, tun suna yara.

Aka nemo kafintan, ya zo yana dogara sanda. Ya shafa katakon kamar mai gaisawa da jika.

“Malam, ya za a kwance shi?” in ji Auta.

“Kwancewa? Gam na sa, na bi da ƙusa, na sake bi da gam. Ranar da ka ga wannan ya rabu, to ya zama itacen girki.” Ya tafi yana murmushi, ko a jikinsa.

Yaya Nas ta ce duk wanda ya kawo zarto sai ya fara ta kanta. “Kabad Baba ya ba ni, ba katakai ba.”

Yaya Direba ya ce babu mai taɓa masa bango. “Ni ma gida ya ba ni, ba kango ba.”

Daga nan suka daina yi wa juna magana, sai ta wayar Auta. Yana cikin cin abinci Yaya Direba zai kira: “Ka gaya wa yayarka kabad ɗinta na tsaye a kan simintina. Ɗakin nake so in zuba tayoyi.” Kafin ya haɗiye lomar Yaya Nas ta kira: “Ka gaya masa ɗakinsa ne ya kewaye kabad ɗina, ya janye shi.” Auta ya rame, har matarsa ta ƙara wa bel ɗinsa huda.

Ya koma wajen lauya kamar zai yi kuka. Lauya ya ce abin mai sauƙi ne: in an kafe kabad a bango, ya zama jikin gida, in kuwa tsaye kawai yake, kaya ne. Auta ya ce ai har bakin ƙofa an tura shi, lauya ya ce shari'a sai ta gani da ido. Ya zo da kansa, ya cire kwat, ya kutsa bayan kabad ɗin da fitilar waya. Ya daɗe. Ƙafarsa ɗaya kawai ake gani. Da aka jawo shi, yana ta atishawa, yanar gizo-gizo har a kunne.

“Ba a kafe yake ba. Na yayarka ne.”

“To Barista, ya zan fitar da shi?”

“Wannan kuma ba tambayar shari'a ba ce.”

Yaya Direba ya kaɗa makullin motarsa ya ce shi ke nan, alƙali zai raba su. Auta ya tuna roƙon Baba a asibiti.

Washegari, don dai ya ji yana yin wani abu, ya ɗauki tef ɗin awo ya tafi gidan Yaya Nas ya ga inda za a ajiye kabad in Allah ya sa ya fito. A saman bene take. Ya auna matakalar, ya auna ƙofarta, ya sake aunawa. Ita tana zaune tana guga farar rigar aikinta, ba ta ko ɗago ba.

“Yaya, ko ya fita can, ba zai shiga nan ba. Ƙofarki ta fi ta Baba ƙanƙanta.”

“Na sani.”

“Kin sani?”

“Ni nake shiga ta ƙofar kullum, Auta.” Ta kife dutsen guga. “In kabad ya bar ɗakin nan, da wane dalili zan riƙa shiga ɗakin Baba? In tsaya a waje ina sallama kamar mai tallan omo?”

Auta ya naɗe tef ɗinsa a hankali, ya nufi tashar mota.

Yaya Direba ya saurare shi, sannan ya share hanci ya ce hayaƙin mota ne. “Da ma shiga take so? Wa ya hana ta? Amma ka gaya mata saman kabad ɗin nawa ne. Iskar da ke wajen ta gida ce.”

A ofishin lauya aka daidaita. Kabad zai zauna inda yake a matsayin amana. Cikinsa na Yaya Nas, ta shiga ɗakin duk ranar da ta ga dama. Samansa na Yaya Direba, ya ɗora taya, banda mai laka. Suka yi gardama kan ƙarƙashinsa, har lauya ya ce a bar wa ɓeraye.

“Saura mai riƙon amana,” in ji lauya. “Wanda zai riƙe makulli, ya ji koken kowa.”

Karon farko tun rasuwar Baba, yayyen biyu suka kalli juna, sannan suka juyo kan Auta tare.

“Barista, zuwa yaushe ne riƙon?” Auta ya tambaya da ƙaramar murya.

“Muddin kabad ɗin na nan.”

Auta ya karɓi biro. Yana sa hannu yana jin su a bayansa, sun fara musu kan wanda zai riƙa share ɗakin.