Baba, Kana Ji?

Ranar zamansa na huɗu, Mai Agogo ya tarar da wata takarda a kan teburin ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi na asibiti. Rubutun likitoci bai taɓa shiga kansa ba, amma kalma ɗaya ya gane: tiyata.

Shekara talatin da biyu yana gyaran agogo a wani ɗan shago kusa da tasha, sai bana yatsunsa uku na dama suka fara sagewa, wani lokaci kamar ana tsira masa allura. Likita ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu, ya ba shi abin ɗaure hannun, ya turo shi nan a gwada masa wata na'ura mai aika sauti cikin tsoka, zama goma. Idan ba ta yi ba, sai wuƙa. Shi kuwa ya riga ya yanke wa kansa hukunci: hannun da aka tsaga ba zai ƙara amince masa da cikin agogon mutane ba. Ranar da aka yi tiyata, ranar zai rufe shago.

Yau autarsa ce ta rako shi, ta zauna a kujerar gefe da jakarta a cinya.

"Baba, gaskiya zan gaya maka," in ji ma'aikaciyar, tana shafa masa wani mai mai sanyi da yauƙi a wuyan hannu. "Zama uku ina tambayarka, kana ce mini ba ka jin komai. Abin ya ɗaure mini kai, don gwajin farko bai nuna haka ba. In yau ma haka ne, zan mayar da kai wurin likita."

Ta ɗora kan na'urar, ta fara zagayawa da shi a hankali. Mai Agogo ya rufe ido, ya karkata kai, ya ɗauke numfashi.

"Baba, kana ji?"

"Ko kaɗan, 'yata."

Ta nisa, ta kalli takardar. Sai Auta ta miƙe zaune.

"Anti, tsaya tukuna. Baba, me ya sa ka kawo kunnenka har kusa da hannunta?"

"To da me zan ji? Da gwiwa?"

"Wai sauraro kake yi?"

"Ita ta ce na'urar sauti ce. Zama uku ina kasa kunne, ko ƙis ba ta yi ba." Ya rage murya, wai don kada ya kunyata ma'aikaciyar. "Ni dai a sanina, abin da ke aiki yana motsi a kunne. Wannan ta mutu, kunyar faɗa nake yi."

Ma'aikaciyar ta ɗaga na'urar, ta dafe goshi da bayan hannu. Auta kuwa ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Laifina ne, Baba," in ji ma'aikaciyar. "Ban yi maka bayani ba. Sautin nan ya fi ƙarfin kunnen mutum, ni ma ban taɓa jin sa ba. A hannunka nake nufi. Ɗumi, ko zafi, ko wani abu."

"Au, ɗumi? Ai tun ranar farko akwai ɗumi. Har daɗi yake mini."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Ba ki tambaye ni ɗumi ba."

Duk da haka bai gamsu ba, ta gani a fuskarsa. Ta goge kan na'urar, ta juya shi sama, ta ɗiga ruwa kaɗan, ta kunna. Ruwan ya hau rawa yana tsalle kamar zai tafasa. Mai Agogo ya ciro gilashin aikinsa daga aljihu, ya maƙala a ido, ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Lallai da ranta," ya ce.

Ta sa shi ya rufe ido, ta riƙa taɓa kan yatsunsa da auduga ɗaya bayan ɗaya. Babban yatsa ya gane nan take, manuni ma haka. Na tsakiya sai da ta maimaita.

"Ban yi maka alkawari ba fa," ta ce. "Wasu tana taimaka musu, wasu ba ta yi. Mu ƙarasa goman, ka riƙa ɗaure hannun, ka rage aiki, sannan likita ya duba."

"Shagon fa?"

"Ka buɗe. Awa biyu da safe, ka huta."

"Uku."

"Biyu, Baba," in ji Auta. "Ni zan riƙe mabuɗin."

Ya harare ta, ya gyara kwanciyar hannunsa a kan matashi, ya dubi ma'aikaciyar.

"To, 'yata, ci gaba. Amma ki ƙara man nan, na ɗazu ya bushe."