Farin Gari a Taksin Idrissa

A Oktoban 2001, lokacin da wasiƙu masu farin garin cuta ke kashe ma'aikatan gidan waya a Washington, Idrissa direban taksi ya tsinci kwali a kujerar baya. Mutumin Damagaram ne, takardunsa na zama ba su fito ba tukuna, ga shi da shegen karambani. Ya buɗe.

Mataccen tsuntsu ne a ciki, bai kai tafin hannu ba. Bayansa toka-toka, ƙirjinsa ruwan ɗorawa, bakinsa faffaɗa da ɗan gashi tsaye a gindinsa, an cusa auduga a gurbin idanunsa. Da Idrissa ya janye hannu, sai ya ga farin gari a yatsunsa.

In ya je asibiti za a tambayi sunansa. In ya kira 'yan sanda, Musulmi da farin gari a mota a wannan watan, ya san ko gidansa na Silver Spring ba zai sake gani ba. Maƙogwaronsa ya fara ƙaiƙayi. Ya wanke hannu sau bakwai, tsoron bai wanku ba.

Ya koma College Park, ginin jami'ar da ya sauke wata ɗaliba Bahaushiya da safe. Tana tsaye a bakin ƙofa kamar an dasa ta.

"Ɗiyata, mi kika bari cikin motata?"

"Baba, garin masara ne," in ji ɗalibar, Saudatu. "Da shi muke busar da fatar tsuntsu don nazari."

Ta ce daga kurmin Gashaka aka kawo tsuntsun. Can ƙasa-ƙasa yake zama a inuwa, shiru, ko motsi ba ya yi, sai ƙuda ya gifta ya zabura ya cafke, ya dawo reshensa. Sai ka wuce shi sau goma ba ka gan shi ba.

Idrissa ya dubi yatsunsa. Garin tuwo ne ya kusa kashe shi! Haushi ya kama shi.

"To, mi ya hana ki kira kamfaninmu ki ce kin yi mantuwa?"

Ta karɓi kwalin.

"Sau uku na ɗaga waya ina ajiyewa, Baba. In ce musu sunana Saudatu, na bar kwali mai farin gari a mota?"