Tumatirin Shitu Direba

Shekara goma sha tara Shitu ya yi yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Waga da Lome, kafin wata mota ta matse masa ƙafar dama a wani gareji a Kossodo. Likita bai yanke ƙafar ba, amma ya ce shi da tuƙi sai dai kallo. Daga nan Shitu ya koma zaman tabarma a ƙofar ɗakinsa a Zango, cikin gidan haya mai ɗaki tara da tsakar gida ta siminti. Matarsa Indabo ce ke fita soya ƙosai a bakin titi. In ta dawo, yadda ta bar shi haka take tarar da shi.

Wata rana ta wanke ruɓaɓɓen tumatir, ta watsa ruwan a gindin katanga inda simintin ya tsage. Bayan kwana takwas tsiro uku suka leƙo. Shitu ne ya fara ganinsu, tunda shi ne ba ya zuwa ko'ina. Ya ja jiki ya kewaye su da guntayen bulo saboda kajin maƙwabta. Da suka ɗan tasa, ya karɓi tsofaffin jarkokin mai da Indabo ke soya da shi, waɗanda 'yan unguwa ke kira bido, ya yanke kawunansu da wuƙa, ya cika su da ƙasar kwata, ya dasa.

Safe da yamma yana ba su ruwa. Suka yi fure ana tsakiyar zafin bazara, furen ya bushe ya kakkaɓe, ganyen ya koma rawaya. Ko ɗa ɗaya bai gani ba.

Indabo ta ga ya fara komawa shirunsa, sai ta yi magana da Tinga, wani dattijon Mosi mai lambu a bakin madatsar ruwa ta Tanghin, wanda ke kawo latas kusa da inda take suya. Tinga ya zo gidan a kan kekensa. Ya tsoma yatsa a ƙasar, ya shinshina, sannan ya kifa bido ɗaya ya nuna gindinsa.

"Ka ba shi ruwa, amma ba ka bar wa ruwan ƙofar fita ba," in ji shi da gurɓatacciyar Hausarsa. "Kuma yanzu ba lokacinsa ba ne."

Ya ce a huda gindin da ƙusa mai zafi, a zuba tsakuwa, a haɗa ƙasa da yashi da busasshen kashin shanu, a jira damina ta ja baya. Shitu ya ji haushi, don bai saba a koya masa abu a gaban matarsa ba. Kwana biyu bai taɓa bidon ba. A na uku Indabo ta ga ƙusa a cikin murhunta.

Ana cikin haka maganar rushe unguwa, da aka daɗe ana yi, ta tabbata. Wannan kuwa a shekarar 2003 ne. Aka zo aka shafa fenti a katangu, kowa ya shiga neman inda zai nufa. Maƙwabta suka ce wa Shitu wace irin shuka zai yi a gidan da kwanansa ya ƙare. Shi dai ya yi ta huda. Bido goma sha huɗu ya jera, ya dasa sabon irin da ya yafa, kowanne da sandar da ya ɗaura wa tsiron da tsumman zane.

Sanyi na shigowa suka yi fure, wannan karon furen ya kama. Ɗakuna suna ta zama kango, ana cire ƙofofi da kwanon rufi, tumatir kuma yana ta kumbura, kore shar.

Wurin da suka samu ɗaki ɗaya ne a Tampouy, a filin wani ɗan'uwan Indabo. Wani tsohon abokin tuƙin Shitu ya kawo mota ya kwashe katifa da tukwane, ya ce a ɗora shukar ma. Shitu ya ƙi, ya ce girgizar mota za ta zubar da 'ya'yan. Aka nemo amalanken jaki, aka jera bidunan, aka ɗaga Shitu aka zaunar a tsakiyarsu da sandar dogarawarsa a cinya.

Tun daga Zango yake ba mai amalanken umarni: kauce wa wannan rami, riƙe damarka, bar mai babur ya wuce. Mutumin ya gaji ya tambaye shi ko shi direba ne.

"Kafin a haifi jakinka," in ji Shitu.

Indabo da ke biye da su a ƙasa ta rufe baki da mayafi. Rabon da ta ji muryarsa haka tun kafin asibiti.

Bido biyu sun faɗo wajen tsallaka layin dogo, suka karye. Goma sha biyu suka isa lafiya. A sabon wurin babu katanga, sai Shitu ya yi musu shinge da kara saboda awaki. Matan Mosi da ke wucewa zuwa famfo suka riƙa tsayawa suna leƙe, har ɗaya ta ajiye tulunta ta tambayi ko barkono ma zai yi a bido. Ya ce ta kawo su gwada.

Kwana goma sha biyu da tarewa, Indabo ta tsinki jajaye guda shida ta yi miya. Shitu ya ci, ya nemi ƙari, sannan ya dogara sanda ya je zagayen shukarsa. Can ta ji ya kira ta.

"Indabo, ina babban nan da na ɗaura wa zare?"

"Yana cikinka, Malam."

"Iri ne fa na bari."

Ta ce ai bai gaya mata ba. Ya tsaya yana ƙunƙuni, yana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, har ya samu wani da ya kusa kai wancan girma. Ya ce ta miƙo masa zare, kuma wannan karon ta zo ta gani da idonta.