Ƙwaya Ashirin da Ɗaya

"Ashirin da biyu kika zuba, Kande. Cire ɗaya."

Kande ta leƙa kaskon ta ƙirga. Haka ne kuwa. Alhaji Mani na kwance a tabarma ido rufe, da kunne ya ƙirga faɗuwar ƙwayoyin gahawa.

"Ƙwaya ɗaya ce za ta tsiyata ka, Alhaji?"

"Ta gobe ce. Mayar mata da abinta."

Shekara talatin katanga ɗaya ta raba su a Wagini, amma sai da ciwo ya kayar da shi ta ga abin da yake yi kowane hantsi. Da ƙafa ya je Makka yana saurayi, ya yi shekara tara a Sudan, can ya koyo. A soya ƙwayoyin ba mai har su yi launin dabino, a daka su da zafinsu, a zuba a 'yar butar ƙasa mai dogon wuya, ruwa cikin ɗan kofin nan, finjali, ɗaya cif. Ba ragowa. "Gahawa ba tuwo ba ce," in ji shi, "ba ta da ɗumame."

Mutanen gari kuwa, Allah ya isa! Wai mutumin da ke ƙirga baƙaƙen ƙwayoyi yana tayar da hayaƙi shi kaɗai, bai ce wa kowa bismillah ba, ai aljanu yake ciyarwa. Sada mai unguwa ya fara faɗa a bakin masallaci. Ga shi yanzu ko duba marar lafiya ba mai shigowa.

"Me ya hana ka ba su su ɗanɗana, bakinsu ya mutu?"

"Na ba Sada, shekarar 'yancin kai. Ya tofar, ya ce guba ce." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Tun da jirgi ya fara kwasar alhazai, ba mai biyowa ta Sudan ya kawo mini. Wannan jakar ce ta ƙarshe."

Ran Laraba, bayan ya sha, ta zazzage jakar a faifai.

"Saura na kwana biyu."

"Na ɗaya. Na jibi ba nawa ba ne."

Ran Alhamis ya shanye nasa, ya ce alhamdu lillahi, ya juya gabas. Kafin azahar ya cika.

Sada ya zo da liman, ya toge a ƙofa. "Iya, a fito da kayan nan a ƙone tukuna. Sannan mu shiga mu yi masa sutura."

Ta fito da su. Nan bakin ƙofar ta hura gawayi, ta ɗora kasko.

"Zauna, Sada. Ni na goya ka ranar da uwarka ta tafi awon hatsi, ka jiƙa mini zane. Shekara goma sha uku kana cin naman bawan Allah. Yau sai ka sha abin da ka ci shi a kai."

Ta juye jakar. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ashirin da ɗaya, ba ƙari ba ragi. Da ta fara daka, ƙamshi ya bi lungun. Liman, wanda ya sauke farali bara, ya ɗaga kai yana shaƙa.

"La'ilaha illallahu," ya ce a hankali. "Wannan ai shi aka ba mu a Madina."

Kande ta tsiyaya, finjali ya cika daidai baki, butar ba ta rage ko ɗigo ba. Ta miƙa wa Sada.

"In ka tofar, wallahi har gaban alƙali a Batsari."

Sada ya karɓa da hannu biyu. Ya kurɓa, fuskarsa ta yamutse, maƙogwaronsa ya motsa. Ya sake kurɓa, ya shanye. Sannan ya tuɓe takalmi ya shiga ɗakin.

Kande ta ɗauraye finjalin, ta kife shi a kan ɗan turmin, inda yake kife shi kullum. Gawayin na ci a hankali, ba abin da aka ɗora masa.